Daga Gummi Zuwa Ƙofar Mata: Ranar Da Baba Ya Kai Ni Kallon Ƙwallo

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Lokacin da Baba ya ce zai tafi da ni Kano kallon ƙwallo a watan Oktoba na 2009, tsallen da na dinga yi a tsakar gidanmu na Gummi ba na ƙwallo ba ne. Ni dai abin da kunnena ya ji shi ne "Kano". Shekarata 13 a lokacin, ni da Jihar Zamfara sa'o'in juna ne, duk a 1996 aka haife mu. Na haddace waƙoƙin Sangaya da Wasila tun kafin in iya lissafin sau, kuma a tunanina in mutum ya sauka a tashar Kano, Ali Nuhu ne zai tare shi, Ibro kuma ya ɗaukar masa jaka. Kada ka yi dariya mai karatu, na san kai ma ka taɓa irin wannan mafarkin.

Baba kuwa tela ne, kuma bai haɗa ƙwallo da komai ba. Ya buga wa ƙungiyar unguwarsu baya a ƙuruciyarsa har gwiwa ta ajiye shi. Rediyonsa kullum tana rataye jikin keken ɗinki, in ana sharhin wasa to mai kaya sai dai ya yi haƙuri. Fim kam bai ɗauke shi a bakin komai ba. In ya tarar da mu mun yi tsit gaban talabijin ɗin maƙwabta, sai ya girgiza kai ya ce, "Rawa da waƙa awa Indiyawa, mi kuka ƙaruwa da shi?" Sunana ma ya daina kira, sai dai "ɗan fim".

Akwai labari ɗaya da duk wanda ya taɓa zama a shagon Baba ya ji shi fiye da sau goma. A watan Afrilu na 1999, lokacin da ƙasar nan ta karɓi baƙuncin gasar matasa 'yan ƙasa da shekara 20 ta duniya, ya tafi Kano shi kaɗai ya ga wasan Nijeriya da Ireland. An tashi 1-1, aka je bugun fenareti, Nijeriya ta ci 5-3. Yakan ce ranar ya rungumi wani mutum da bai taɓa gani ba, har hularsa ta ɓata a nan. Da ya dawo ya tarar da ni ina shekara 3, sai ya yi alkawarin in Allah ya sake kawo irin wannan gasa ƙasar nan, da ɗansa za shi. Shekara 10 cif sai ga gasar 'yan ƙasa da shekara 17, an ce za a buga a garuruwa takwas, kuma har da Kano.

Inna ba ta so ba. Na farko ga makaranta, na biyu buhun shinkafar da Baba ya ɗauka daga abin da muka samu a fadama ya kai kasuwa don kuɗin mota bai yi mata daɗi ba. Na uku kuma tsoron hanya. To amma ina so matasan yau su lura da irin tsoron: haɗarin mota kawai take nufi. Ni kaina shi ne a raina, don ban manta yadda muka sha kuka ba a farkon Janairun 2007 da aka ce Ahmad S. Nuhu ya rasu a haɗarin mota. Ban da wannan, babu wanda ya ambaci wani abu daban. Ba a tambayi direba ko hanya lafiya ba, ba a ce mu jira ayari ba.

Daren tafiya Baba ya kira ni shago. Ashe ya gano ni sarai. Ya ce, "Na san ba tamola ka kai ka Kano ba. To mu yi ciniki. Ka raka ni hilin wasa, in raka ka kasuwar 'yan fim ɗinka." Na ce na yarda.

Ranar Asabar 24 ga wata muka yi sammako. Motar tsohuwar fijo ce, irin wadda ake cusa mutum biyu gaba, huɗu tsakiya, uku baya. Ni aka ɗora ni rabi a cinyar Baba rabi a jikin ƙofa, amma taga tawa ce, kuma shi ke nan abin da nake so. Wanda bai taɓa bin wannan hanya lokacin kaka ba, da wuya in iya kwatanta masa. An riga an yanke gero, dammunansa jingine a gonaki, dawa kuma ta sunkuyar da kai ta yi ja. Duk inda ƙasa ta gangara wajen gulbi sai ka ga shinkafa shimfiɗe, yara na kaɗa gwangwani suna korar tsuntsaye. Shanu na tsallaka titi a natse, direba ya tsaya yana zolayar makiyayin, shi ma yana ramawa. A Daki Takwas, inda hanyar Zuru ta rabu, muka tsaya aka ƙara fasinja ɗaya a but tare da kajinsa, Baba ya saya mini ƙosai a takarda.

Muna shiga ƙasar Bukkuyum, wajen Nasarawar Burkullu, sai motar ta fara tari. Hayaƙi ya taso daga gaba, direba ya gangara gefe ya ce lagireto ne. Ya hau kabu-kabu ya tafi neman makanike, ya bar mu ƙarƙashin wata tsamiya. Mun fi awa huɗu a wurin.

Na sha tuna waɗannan awowi fiye da yadda nake tuna Kano ɗin kanta. Daji ne sosai, ba gida ko ɗaya kusa, amma mata biyu da ke cikin motar suka shimfiɗa zane suka yi barcinsu. Wani manomi ya hango mu daga gonarsa, ya tugo gyaɗa ɗanya ya kawo mana, ya koma ya ɗebo ruwa a buta don alwala. Can sai ga wata Bafulatana da ƙwarya a kai, ta dama mana fura da nono, Baba ya tsaya yana yi mata tsiyar cewa ta cika ruwa, ita kuma tana cewa Bahaushe bai san nono ba sai dai tsami. Duk aka yi ta dariya. Wallahi in na ba ƙannena wannan labari yanzu, kallona suke kamar ina ba su labarin fim.

A nan ne kuma na fara lura da babura. Suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da buhu biyu ko uku, sun danne tayar baya har tana neman taɓa ƙasa. Na ce wa Baba wannan wane irin hatsi ne mai nauyi haka? Wani dattijo cikin fasinjojin ya ce, "Ba hatsi ba ne yaro, dutse na. Dutsen zinari." Ya ce samarin ƙauyukan nan duk sun bar gona sun koma rami, don a shekarar farashin zinariya ya tashi a duniya. Gaskiya ya faɗa, a daidai wannan lokacin ne oza ɗaya ta haura dala 1,000.

Sai bayan la'asar muka shiga Anka. Direba ya ce shi kam motarsa ba ta ƙara gaba, kuma sai da kowa ya ƙara wani abu a kan kuɗin gyara. Baba ya ce ba komai, dama akwai gidan Kawu, yayan Inna, mu kwana gobe mu wuce.

Anka ba ƙaramin gari ba ne a tarihi, ko da yake in ka shige ta a mota ba za ka sani ba. Baba ya bi da ni ta ƙofar fada ya ce in duba da kyau, nan ne gidan Sarkin Zamfara. Ya ce tun a ƙarni na 18 Gobirawa suka ci Birnin Zamfara, suka kafa Alƙalawa a yankin, gidan sarautar ya yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan kafin daga bisani ya zauna a Anka. Wato sunan da jiharmu ke amsawa, a wannan gidan aka adana shi. Ni dai a lokacin hankalina na kan wani shago da na hango an manna fastocin finafinai, amma maganar ta zauna.

Kawu ya karɓe mu hannu bibbiyu, aka yanka kaza. Na lura ya canza: sabon babur, sabuwar waya, agogo mai walƙiya. Bayan an ci abinci ya zaro wata 'yar takarda daga aljihu ya warware a hankali, sai ga wani ɗan abu rawaya bai kai ƙwayar dawa ba. Ya ce wa Baba wannan ya fi ɗinkin wata guda. Ashe injin niƙansa na hatsi ya kwashe ya kai wani ƙauye ta wajen Bagega, inda amaryarsa take da ƙananan yara, ana niƙa dutse da shi dare da rana. Wanda bai samu layi a inji ba, matansa su daka a turmi cikin gida. Ya ce wa Baba ya rufe shago ya zo su haɗa hannu, ko na shekara ɗaya ne. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya dai juya abin a tafin hannunsa ya mayar masa.

Ɗan Kawu, taubashina, sa'ana ne. Ranar ya shigo gari daga ƙauyen, gashin kansa da girarsa fari fat da ƙura kamar wanda ya fito daga buhun fulawa. Shi mayen Chelsea ne saboda Mikel Obi, ya san sunan kowa har masu zaman benci. Da ya ji inda za mu, sai ya bi Kawu yana magiya a bar shi ya bi mu, Baba ma ya sa baki ya ce zai san yadda zai yi da kuɗin mota. Kawu ya ce ina, wa zai tsaya a kan inji? Yaron bai yi kuka ba, ya dai fita waje ya daɗe. Ni da ban damu da ƙwallo ba ga ni za ni, shi da yake mafarkinta an hana shi. Ko a lokacin sai da abin ya tsaya mini a rai.

Da dare muka tafi gidan kallo mu uku, don a ranar aka buɗe gasar, Nijeriya da Jamus a Abuja. Rumfar kwano ce da bencina, janareto na ruri a baya, irin wadda da rana ake sa fim ɗin Hausa ko na Indiya, da dare a juya ta koma ta ƙwallo. Kafin mu ankara Jamus ta zura mana uku. Mutane suka fara ficewa suna tsaki, wani ma ya nemi a mayar masa da kuɗinsa. Baba ya ce mu zauna. Sai ga fenareti, Stanley Okoro ya ci. Sai ta biyu. Sai ta uku! Aka tashi 3-3. Benci ya karye, wani ya taka wayar janareto hoto ya ɗauke, taubashina ya ɗaga ni sama duk da bai fi ni ƙarfi ba. Cikin yaran Jamus da suka ci mu a daren akwai wani Mario Götze, wanda shekara 5 bayan haka ya ci wa ƙasarsa kofin duniya. Mun dawo gida wajen ƙarfe goma, muka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida muka kwana a waje, har gari ya waye ba wanda ya rufe ƙofa.

Tafiyar Lahadi ba ni da abin faɗa da yawa a kanta, don rabinta barci na yi. Daga Anka muka fita babban titi a Mayanchi, sai Maru, sai Bunguɗu, sai Gusau. Baba ya nuna mini wajen filin wasa na tunawa da Sardauna, inda yakan zo kallon Zamfara United, wadda a lokacin take buga babban rukuni na ƙasa. Muka canza mota. Na ga dutsen Kwatarkwashi, na ga Tsafe, na farka a Malumfashi, na sake farkawa a Gwarzo. Da isha ta yi muka shiga Kano ta Kabuga, fitilu da ƙarar 'yan acaɓa suka sa na ƙanƙame rigar Baba. Wani ɗan garinmu mai sayar da yadi a Kantin Kwari ya sauke mu a ɗakinsa.

Kanawa ba su bar mu mun huta ba. Da safe na je sayen koko na ce wa mai kokon "nawa na?", sai yaran wurin suka fashe da dariya suna kwaikwayona, wai ga Basakkwace. Na ce ni ba Basakkwace ba ne, daga Gummi nake. Wani tsoho da ke gefe ya ɗago ya ce, "Gummi? Garin Malam Abubakar?" Na ce nan ne. Ya ce a ƙara wa yaron nan ƙosai. Marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya rasu tun 1992, amma sunansa ya saya mini karin kumallo a Kano.

Baba ya cika alkawari. Da hantsi muka tafi Ƙofar Wambai wajen 'yan kaset. Jama'a, ranar na ga abin da ya fi ƙarfin idona! Shaguna jere, faya-fayai tun daga ƙasa har rufi, fastoci a kowane bango, kowane shago da waƙar da yake saki, dillalai na ɗaure kwalaye za a kai Sakkwato, Maraɗi, Agadas. Finafinan da sai sun yi wata biyu kafin su iso Gummi, ga su nan sababbi fil. Na dinga leƙa fuskar duk wanda ya wuce da baƙin gilashi. Ban ga kowa ba. Da na gaji na tambayi wani mai shago ina 'yan wasan suke zama, sai ya yi dariya ya ce ai su ba a kasuwa suke ba, kuma ma tun bayan dambarwar 2007 da tsauraran dokokin hukumar tace finafinai, da yawansu Kaduna suke aiki. Gwiwata ta yi sanyi. Kwana biyu a mota, ashe har na wuce su ma ban sani ba.

Baba ya ga fuskata. Ya juya baya ya ƙirga abin da ke aljihunsa, na ga ya ware na tikiti, ya ware na mota, ya tsaya yana kallon sauran. Gyaran fijo da abin da ya ba iyalin Kawu sun taɓa lissafin. Sai ya ce, "Zaɓi guda." Na zaɓa. Da azahar ya saya mini shinkafa da wake, shi kuma ya ce ya ƙoshi, kokon safe bai sake shi ba. Sai bayan shekaru na gane abin da ya faru da kuɗin abincinsa.

Filin wasa na Sani Abacha yana nan Ƙofar Mata, ba nisa da marinar nan mai tarihi. Mun shiga tun kafin ƙarfe huɗu, ranar Litinin 26 ga Oktoba. Ana hawa matakala a cikin duhu-duhu, sai kawai ka fito ka ga fili ya buɗe a gabanka, kore shar, an ja masa farin layi kamar da ruler aka auna. Ni da na saba da filin makarantarmu mai burji da ƙaya, sai na tsaya cak har na bayana suka ture ni. Baba bai ce komai ba, amma na ga yana kallona maimakon filin.

Wasa biyu aka yi a ranar. Na farko Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Malawi, Larabawa suka ci 2-0. Rana ta gasa mu, ni kuma rabin hankalina na kan faifan da na soke a cikin riga. Aka yi sallar magariba, aka kunna manyan fitilu, wuri ya koma kamar rana. Sannan Sifen da Amurka suka fito.

Ko zama ba a gama yi ba alƙalin wasa ya ɗaga wa wani ɗan bayan Sifen jan kati, minti biyu kacal da farawa. Ni kuma a daidai lokacin na juya ina kiran mai gyaɗa. Ina cikin karɓar canji sai na ji filin ya ɗauka gaba ɗaya. Amurka ta ci! Na juyo da sauri, ba abin da na gani sai yara suna rungumar juna. Na zauna ina jira a sake nunawa a hankali kamar yadda ake yi a gidan kallo. Shiru. Na ce, "Baba, ba za a maimaita ba?" Ya yi dariya har da hawaye, mutanen da ke kusa da mu ma suka taya shi. Ya ce, "Ɗan fim, nan ba a maishe da kaset baya. Wanda bai gani ba, ya rasa."

Daga nan ban ƙara ɗauke kai ba. Baba ya matso ya ce in daina bin ƙwallo da ido, in zaɓi yaro ɗaya cikin 'yan Sifen wanda ba ya riƙe da ita, in ga abin da yake yi. Na zaɓa. Sai na ga ashe ba tsaye yake ba: ya ja baya taku uku, ya leƙa kafaɗarsa, ya matsa gefe inda ba kowa, kafin ƙwallo ta iso shi ya riga ya san inda zai aika ta. Su goma ne, amma sai ka rantse sun fi 'yan Amurka yawa. A talabijin ba ka ganin wannan, don mai kyamara ne ke zaɓa maka abin da za ka kalla, kamar dai yadda darakta ke yi a fim. A nan kuwa ba mai riƙe maka ido. Kafin a tafi hutu Borja ya rama, Pablo Sarabia ya ƙara ta biyu, kuma duka biyun na gan su tun daga inda aka faro su. Na biyun ma ni na fara miƙewa kafin Baba.

Bayan an dawo hutu ana cikin wasa sai wani sashe na fitilun ya mutu. Filin ya dushe, alƙali ya tsayar da wasa kusan kwata na awa. Aka yi ta ihu da fito, masu waya suka kunna tocilan. Ni dai abin da na ji shi ne hannun Baba ya damƙe wuyan hannuna, irin damƙar da tela ke yi wa almakashi. Muna zaune a haka sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ba ni zuwa wajen Kawunka. Ka ga kan yaron nan? Ƙurar da ta yi mishi haka a waje, mi taka yi a ciki?" Ban san me zan ce ba, na ce to. Wuta ta dawo, aka ƙarasa, Sifen ta ci 2-1. Bai saki hannuna ba har muka fita titi.

Washegari muka kamo hanya, kwana ɗaya muka iso gida. A Anka mun tsaya na minti kaɗan, na ba taubashina guntun tikitina, na kuma ba shi labarin wasan tun daga jan kati har ɗaukewar wuta, yana gyara mini sunayen 'yan wasa. Sauran gasar a gidan kallo na Gummi muka gan ta. Nijeriya ta fitar da Sifen ɗin nan 3-1 a Legas, sannan Switzerland ta doke mu 1-0 a wasan ƙarshe a Abuja ranar 15 ga Nuwamba. Baba ya kwana biyu ba ya kunna rediyo.

Ba a yi wata shida ba labari ya fara fitowa daga ƙauyukan Anka da Bukkuyum cewa yara ƙanana na ta suma suna mutuwa. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura da abin, bincike ya nuna gubar dalma ce da ke cikin dutsen da ake niƙawa a gidaje. Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, 'Yargalma, Tungar Guru, daga baya Bagega. Yara wajen 400 suka rasu, dubbai suka sha magani, sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. 'Yar Kawu ta wajen amarya, mai shekara 2, tana cikin waɗanda suka tafi. Mun je gaisuwa ta wannan hanyar dai, a cikin motar ba mai magana.

Abin da ya biyo baya kun san shi, wasunku ma a cikinsa kuka tashi. Satar shanu ta koma satar mutane. A 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar, hanin da sai a ƙarshen 2024 aka ɗage. A Satumbar 2021 aka rufe layukan waya, muka yi makonni ba mu ji muryar gida ba. A farkon Janairun 2022 aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum aka kashe mutane masu yawa. Ita wannan tsamiya da muka sha fura a ƙarƙashinta, na wuce ta sau da dama bayan haka, ban taɓa ganin direban da ya rage gudu a wurin ba. Ni kaina da nake aiki a Kano yanzu, sau da yawa ta Sakkwato nake zagayawa in za ni gida, kuma sai na yi waya na tambaya kafin in taso. Taubashina yana Gusau yana tuƙa Keke Napep. Har yau Chelsea yake yi, kuma har yau bai taɓa shiga filin Ƙofar Mata ba.

Su kuwa yaran da ke cikin tawagar Sifen ta Kano, duniya ta san su. Isco ya ci kofin zakarun Turai da Real Madrid ba sau ɗaya ba, Koke ya zama kyaftin ɗin Atletico Madrid, Sergi Roberto ya yi shekaru a Barcelona, Muniain a Bilbao. Duk sanda aka nuno ɗayansu, Baba sai ya gyara zama ya sanar da duk wanda ke wurin cewa shi tun suna yara ya san su.

Daren 14 ga Yuli 2024, da Sifen ta doke Ingila 2-1 ta ɗauki kofin Turai, Alvaro Morata ne kyaftin ɗin da ya ɗaga kofin, shi ma ɗan waccan tawagar ne. Ko minti biyar ba a yi ba wayata ta yi ƙara. Baba ne. Ido ya yi rauni yanzu, ya bar ɗinki, jikoki ke faɗa masa abin da ke faruwa a allo.

Ya ce, "Ɗan fim, ka gane shi? Yaronmu na Kano!"

Na ce na gan shi, Baba.

Ya tambayi jikansa, ɗana na fari, wanda aka bari a wajensu a Gummi saboda makarantar allo. Ya ce yaron ya fara buga tamola da ƙwallon tsumma a ƙofar gida, kuma da hagu yake bugawa. Sai ya ce, "Yaushe kaka zuwa ka ɗauke shi ka kai shi hili?"

Na ce sai hanya ta yi kyau.

Ya yi shiru har na zaci layin ne ya yanke. Can ya ce, "To. In za ku, ku biya ta Anka ku ɗauki ɗan Kawunka." Na ce masa ai yana Gusau yanzu. Ya ce to ku biya ta Gusau.